Kwanuka Tara Masu Suna

"Kwashe su."

Sa'ida ta ɗago kai a hankali, ba ta tabbatar da ita ake ba.

"Da ke nake! Kwashe su ki fitar mini da su daga gida!"

Kwanukan silba guda tara ne warwatse a tsakar gidan, inda 'Yardada ta yi watsi da su. Ɗaya bai gama gangarawa ba sai da ya daki bakin rijiya ya kife. A jikin kowanne akwai rubutu da jan fenti, rubutun Sa'ida mai kyau, wanda ta ɓata yini guda tana tsarawa. Gidan Malam Hambali. Gidan Hashim Mai Agogo. Gidan Marigayi Maharazu...

"Hajiya, don Allah... me na yi?"

"Au, tambayata ma kike?" Tsohuwar ta harare ta. "Shekara ashirin da shida ina aika abinci gidajen nan, ko kajin gidan nan ba su sani ba. Ke kin zo cikin sati biyu kin kafa musu allo a zaure!"

Umair ya faɗo tsakar gidan da tef ɗin awo rataye a wuya, daga shagonsa na ɗinki ya rugo.

"'Yardada, ki saurare ta mana..."

"Kai rufe mini baki! Kai ka kwaso mini ita." Ta nuna shi da tsinken juya waina. "Ka je ka gaya wa Baffanka, ranar Asabar kada ya wahalar da ƙafarsa zuwa Goron Dutse. Na janye. Yarinyar da ba ta san rufin asiri ba, ba za ta shigo mini zuri'a ba."

Asabar ce ranar da aka tsayar Baffa zai je nema wa Umair aurenta.

Sa'ida ta durƙusa tana tattara kwanukan, hawaye na ɗiga a kan fentin. A bakin madafa Mardiya, jikar 'Yardada ta wajen 'ya mace, tana tsaye tana ɓare gyaɗa kamar ba a gabanta ake yi ba.

Ta cusa su ƙarƙashin hijabi ta fita.

Tun daga unguwar Soron Ɗinki har bakin titi kwanukan suna ƙara, kowa na waiwayenta.

Ba da mugun nufi ta fara ba, wannan ne ma abin da ya fi cin ranta.

'Yardada kakar Umair ce, ita ta raine shi tun rasuwar iyayensa, kuma wainarta ce karin kumallon rabin unguwa. Waina a farar leda, miyar taushe a wata, a haɗa su a baƙa. Da rana iska ta kwashe ledojin ta zuba a kwatar lungu. Daminar bara kwatar ta toshe, ruwa ya shiga har ƙarƙashin gadon tsohuwar. Ranar Sa'ida ta fara ganin Umair, ya naɗe wando yana jawo leda da shebur, ita kuma tana ɗaukar hoton kwatar don aikinta na kammala jami'a.

"Malama, ko dai ki ajiye wayar ki kama shebur?" ya ce.

Kunya ta kama ta, ta sauke wayar. Bayan wata uku ya zo zance.

Aikin nata a kan rage leda ne. Malaminsu, Dakta Ibrahim, ya sha nanata musu cewa ba da dabara ake farawa ba. A zauna da masu matsalar a saurare su, a gane abin da yake damunsu, sannan a ƙirƙiro abu a gwada, a gyara, a sake gwadawa. Sa'ida ta haddace wannan tsaf, ta ci jarrabawarsa da maki mafi yawa a aji.

Sauraron nata kuwa takarda ce mai tambaya goma.

"Hajiya, leda nawa kike amfani da ita a rana?"

"Wa ya ƙirga?"

"Me ya sa kika fi son baƙa?"

"Tana rufa asiri."

A ƙarƙashin wannan amsar Sa'ida ta rubuta: sabo ne kawai.

Ta kawo kwanuka masu murfi, mai saye ya tafi da waina, ya dawo da kwano a wanke. 'Yardada ta yarda saboda jikanta. Ana cikin haka Mardiya ta ja ta gefe, fuskarta cike da fara'a.

"Anti Sa'ida, akwai fa gidajen da nake kai wa kyauta kullum da safe. Su ne ke cin leda. In kina son malaminku ya yaba, da su za ki fara."

"Kai, na gode! Ya zan gane kwanon kowa?"

"Ki sa suna mana."

Ta sa suna. Ta sa aka kafa kantar katako a zaure inda masu saye ke layi, hawa biyu. Na sama ta liƙa kwali, MASU SAYE. Na ƙasa ta rubuta kalmar da ta saba gani a littattafanta, MASU CIN GAJIYA.

'Yardada ajami take karantawa, kuma ciwon gwiwa ba ya barinta tashi daga gaban tanda. Da ta ga jan fenti ta tambaya, Mardiya ta ce ado ne.

Sati biyu duk wanda ya zo sayen waina yana karantawa.

Washegari da hantsi Umair ya kira ta. Sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Sa'idata..."

"Kada ka kira ni haka. Ban cancanta ba."

"Haba abar ƙaunata, kuskure ne. Ki bari ta huce, ni na san yadda nake lallaɓa tsohuwata."

"Yaya Umair, ka faɗa mini gaskiya. Me ya faru har ta sani?"

Ya so ya kauce wa maganar.

"Don Allah."

"Inna Zubaida ce, matar Malam Hambali. A Islamiyyar matan aure wata ta ce mata, ashe ku ma kuna hawan ƙasa a kantar 'Yardada? A gaban kowa. Malam Hambali fa shekara talatin yana koyarwa, rabin mazan lungun nan ɗalibansa ne. Tun ranar bai fito sallah masallacin unguwa ba."

Sa'ida ta toshe bakinta da hannu.

"Ba ke kaɗai ba ce," ya ce da zafi. "Mardiya ta san abin da take yi. Tun muna yara ake tsokanarmu da ita wai mata da miji ne, ta ɗauka da gaske ne. Yau zan tona mata..."

"A'a!"

"Sa'ida..."

"Ita ta riƙe burushin fentin? Ni na rubuta. Na san kyauta ce, na sani sarai! Daɗi ma na ji, na ce ga abin da zan nuna a makaranta."

Ta kashe wayar ta kifa kai a kan littattafanta.

Ummanta ta ji komai daga bakin ƙofa.

"To sai me? Su riƙe ɗansu," ta ce. "Don kin taimaka musu da kwata shi ne za a kore ki kamar ɓarauniya? Ba inda za ki je ki durƙusa wa mai waina."

"Umma, in da sunan Abba ne a kantar fa?"

Umma ta kau da kai. Ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ki sa hijabin kirki," ta ce a ƙarshe. "Kuma kada ki je hannu rabbana, ki tafi da goro."

Gida takwas ta shiga cikin kwana uku. Wasu suka ce ba komai da bakin da yake nuna akwai komai. Matar Hashim Mai Agogo ta yi mata tatas, ta ji, ta yi godiya. Gidan Malam Hambali ta bari a ƙarshe saboda tsoro.

Inna Zubaida tana tsintar shinkafa a faranti, 'yar kaɗan, ba ta kai gwangwani ba. Ganin baƙuwa ta ja mayafi ta rufe farantin.

Wannan rufewar ta fi zagi ciwo.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya."

"Ni ce... ni ce Sa'ida."

"Na gane ki. Mai rubutu."

Ba ta ba ta tabarma ba. Sa'ida ta durƙusa a kan siminti, ta ajiye goron, duk kalmomin da ta shirya a hanya suka gudu.

"Inna, ki yafe mini."

"Na ji."

Sa'ida ba ta tashi ba.

"Akwai saura?"

"Babu... Akwai. Ban zo da takarda ba. So nake ki faɗa mini abin da ban tambaya ba."

Inna Zubaida ta dube ta sama da ƙasa.

"Gobe," ta ce. "Yau ba na son ganinki."

Ta koma gobe, aka ce jibi. A rana ta uku aka shimfiɗa mata buhu.

"Kin ɗauka sunan ne kaɗai?" Inna Zubaida ta fara, idonta a kan zaren da take warwarewa. "Tun kafin a karanta sunan na daina barci. Ke a gidanku in maƙwabta suka aiko da abinci, haka kuke mayar da kwano wayam?"

"A'a... Umma takan sa wani abu."

"To. Ranar farko na sa ashana. Ta biyu na sa sabulun wanki, shi ke nan mini. Ta uku na rasa, na sa ƙwan kazata guda biyu da nake tara wa Malam. Ta huɗu na tsaya ina kallon kwanon nan kamar zan yi hauka."

Sa'ida ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji.

"Leda ba a mayar da ita, yarinya. Mardiya ta shigo kamar ta zo gaisuwa, ta ajiye a bayan ƙyaure, ta fita. Ba na cewa na gode, Hajiya ba ta cewa ta bayar. In mun haɗu a biki mu gaisa kai da kai. Shekara tara!"

"Ban sani ba..."

"Ba ki tambaya ba."

"Haka ne."

"Ni ma ba son ledar nake ba. Akuyata ita ta kashe ta, da aka farka cikin duk baƙar leda ce. Ruwan bara kuma har littattafan Malam ya jiƙa. Amma da a san cikina, gara kwata ta toshe."

Sa'ida ta share ido da gefen hijabi.

"Inna, in ke ce za ki tsara, ya za ki yi?"

Matar ta yi 'yar dariya, ta farko.

"Ni? Ni da ban yi boko ba?"

"Ke."

Ta ɗan yi tunani.

"Kwanon kada ya zama na kowa. Iri ɗaya, ba suna, ba lamba. Mai saye da wanda aka ba, duk shi za su riƙa. Kuma kada a mayar wa mutum a hannu, a samu inda za a jefa a wuce."

"Kamar durum mai murfi? A lungun baya?"

"Inda mata ke bi zuwa Islamiyya. Wa zai san wadda ta jefa, balle ya leƙa ko da wani abu a ciki?"

"Hanyar kawowa fa? Kwano yana ƙara a hijabi, ni shaida ce."

"Ba tela ne saurayin naki ba? Ƙyallayen da yake zubarwa fa?"

Saurayin naki. Sa'ida ta ji kalmar har cikin ƙashinta, don ba ta san ko har yanzu nata ba ne.

Sau uku suna gwadawa. Jakar farko da Umair ya ɗinka ta atamfa ce mai furanni, Inna Zubaida ta ce daga nesa za a gane ta. Ta biyu baƙa ce amma miya ta ɓata ta. Ta uku ya yi mata shafi biyu da bakin zuge, kwano ya zauna ɗaram ba motsi. Durum ɗin ma sai da aka shimfiɗa tsohon buhu a ƙasansa, saboda matar Hashim ta ce ƙarar faɗuwar kwano kaɗai ta isa ta tara mutane.

Duk wannan a tsakar gidan Inna Zubaida ake yi. Umair yakan tsaya a zaure ya miƙo jaka, ba ya wuce nan.

"Kin rame, hasken idona," ya ce wata rana ƙasa-ƙasa.

"Ka daina. Ba a ba ka ni ba."

"Ba a hana zuciyata ba ai."

"Yaya Umair, in ta ƙi har abada fa?"

Bai yi mata ƙarya ba.

"Ita ta goya ni, Sa'ida. Ba zan iya tsallake maganarta ba. Amma ba zan kawo wata ba, wannan kuma ita ma ba ta isa ba."

Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta.

Ranar da komai ya kammala, Inna Zubaida ta yafa mayafi ta ce ta biyo ta. Sa'ida ta bi ta har gaban tandar 'Yardada.

Tsofaffin biyu suka gaisa doguwar gaisuwa, ba wadda ta kalli idon 'yar'uwarta. Inna Zubaida ta ajiye jakar da kwanon, ta yi bayani a taƙaice.

"Yarinyar nan ta yi wauta, Hajiya, amma ta zauna a buhu sati uku tana jin faɗa. Ni na yafe. Sauran gidajen sun ce a ci gaba."

"Ke fa, Zubaida?"

"Ni kada a sake aiko mini."

"Haba Zubaida..."

"Ba fushi ba ne. Malam ya fara fita masallaci jiya. Ba zan so ya sake komawa ɗaki ba."

Ta yi sallama ta tafi. Sa'ida ta bi bayanta da kallo, ta san wannan ɓarnar ba jakar da za ta gyara ta.

'Yardada ta juya waina uku kafin ta yi magana.

"Wa ya ce ki sa suna?"

"Ni na sa, Hajiya."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Hannuna ne ya rubuta."

Tsohuwar ta kalle ta ta gefen ido.

"Hm. Ita wadda kike karewar ai na tura ta gidan ubanta tun wancan satin. Na tsufa ne, ban mutu ba." Ta jawo kwanon ta jujjuya shi, ta leƙa gindinsa, ta shafa jikinsa ko za ta ji tudun fenti. Ta zuba waina ta rufe, ta sa a jakar ta girgiza kusa da kunnenta. Shiru.

"Matso."

Sa'ida ta matsa.

"Gidajen goma ne, ba tara ba. Na goman ba a ba ki shi ba." Ta rage murya. "Gidan Alhaji Tanko, mai koren ƙyaure, a Shahuci. Mijin 'yata. Uban Mardiya."

Sa'ida ta zaro ido. Alhaji Tanko da ake gani ranar Juma'a cikin babbar riga mai aiki har gwiwa!

"Shekara huɗu da kasuwa ta juya masa baya. Ko Umair bai sani ba, ko Baffansa. Kwana shida ke nan ba mai kai musu, gwiwata ba ta zuwa." Ta ɗora mata jakar a cinya. "Ga shi. In kin ga dama ki rama, hanya ce a buɗe."

Tafiyar ba ta da nisa, amma Sa'ida ta ji kamar ta yi yini. Jakar tana ƙarƙashin hijabi, ɗuminta a jikin cikinta.

A ƙofar gidan mata biyu maƙwabta suna tsaye suna hira. Ta yi sallama, Mardiya ce ta leƙo.

Suka kalli juna.

Idon Mardiya ya sauka kan tudun hijabin, nan take ta gane. Maƙwabtan suka zuba musu ido.

"Mardiya, ashe kina nan!" Sa'ida ta ɗaga murya, ita kanta ba ta san tana da irinta ba. "Ɗinkin nan na kawo ki gani, ko za ki raka ni wajen telan ya gyara wuyan. Mu shiga, ba na son a gani sai ranar!"

"Amarya ba kya laifi," ɗaya daga cikin matan ta ce tana dariya, suka koma hirarsu.

A bayan ƙyaure Sa'ida ta sauke jakar a ƙasa, ba ta miƙa mata a hannu ba.

"In kun gama akwai durum a lungun Islamiyya. Ba a sa komai a ciki."

Mardiya ta jingina da bango.

"Anti Sa'ida... ni fa na..."

"Ban ga kowa ba, ban zo ba."

"Me ya sa?"

Sa'ida ta gyara hijabinta.

"Na san yadda ake ji," ta ce kawai. "Ba na so a ƙara."

Ta fito ta bar ta tana kuka mara sauti.

Da ta koma Soron Ɗinki, Umair yana tsaye a bakin zaure, ya kasa zama.

"Ina ta aike ki? Tun ɗazu nake tambaya ta ƙi faɗa mini."

"Wani waje."

"Wane wajen?"

"Yaya Umair, ka bari."

"Ni ne fa, Sa'idata. Ni ma sai a ɓoye mini?"

Ta dube shi, mutumin da ba ta taɓa ɓoye wa ko mafarkinta ba.

"Har kai," ta ce.

Daga cikin gida aka ji ƙarar tsinke a bakin tanda, ashe tsohuwar kunnenta na zaure.

"Kai mai gidan!"

"Na'am, 'Yardada?"

"Ka daina takura wa yarinya da tambaya kamar ɗan sanda. Wuce ka gaya wa Baffanka ya sa a wanke masa babbar riga."

Umair ya daskare.

"Wace... wace Asabar ɗin?"

"Ta jibi mana! So kake in mutu ban ci tuwon bikin ba?"

Ya juyo zai yi magana, Sa'ida ta riga ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta na rawa, shi kansa bai san ko dariya take ko kuka ba.

"Ke kuma shigo," 'Yardada ta ƙara. "Gobe da safe gida tara ne a kanki, kuma ba na son latti."